Surukina Mai Ƙirga Ƙiftawar Fitila

Ranar da surukina ya cika, direbobin tashar Sokode suka bar lodi suka taho unguwar Koma a ƙafa. Wanda bai san halinmu ba ba zai gane girman wannan ba. Ni direba ne, na san mu: ko gobara ake yi a gidan ɗayanmu, sai ya fara tambayar saura mutum nawa mota ta cika. Amma ran nan suka kulle motoci, suka zo suka zauna a tabarmi a ƙofar gida, kowa ya yi tagumi. Wani tsohon bakanike da ya daɗe ba sa ga-maciji da marigayin, wanda ya yi ta yaɗawa a gari cewa aikinsa bokanci ne, shi ya fi kowa kuka, har sai da liman ya roƙe shi ya rage murya. Matata, 'yarsa ta biyu, ba ta zubar da hawaye ba, sai ta kama wanke tukwanen da an riga an wanke. Yayanta kuwa, wanda duk gari ke kira Mushe, wato "malam" da Faransanci, saboda malamin makaranta ne, ya koma gefe yana amsa gaisuwa da kai kawai.

Kowa ya zo da labarinsa. Wannan ya ce Baba ya tayar masa da motar da aka riga aka yi wa sallar gawa, wancan ya ce ya taɓa korarsa daga gareji don ya zuba man inji a inda ba wurinsa ba. Ni ban ba da nawa ba, domin labarin da nake da shi ba ya yi mini daɗin faɗa. Yanzu da aka share makoki na ga gara in rubuta shi, kada jikokinsa su tashi suna jin cewa kakansu mai gyaran mota ne kawai.

Baba ɗan Zongo ne, unguwar Hausawa, gaba da baya. Kakanninsa fataken goro ne, shi kuma ya bi ƙarfe. Ya yi shekaru a Lome, kusa da tashar jiragen ruwa inda ake sauke tsofaffin motocin Turai, can ya koyi motocin nan masu canja giya da kansu, waɗanda muke ce wa otomatik. Da ya dawo gida, duk Sokode babu mai taɓa akwatin giyarsu sai shi. Sauran makanikai in an kawo musu irinta sai su sauke akwatin gaba ɗaya, su baje shi a buhu, su kasa mayarwa.

Shi ba haka yake yi ba. Yana da wani guntun waya da ya lanƙwasa, kullum yana cikin naɗin hularsa. Sai ya buɗe gaban mota, ya nemo wani ɗan akwati baƙi mai ramuka, ya haɗa rami biyu da wayar, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba. Nan take wata 'yar fitila a gaban direba za ta fara ƙiftawa. Ta ƙifta kaza, ta huta, ta sake ƙifta kaza. Yana jan carbi yana ƙirgawa. Sannan ya ciro wani ɗan littafi da ya kwafo lambobin a ciki da ajami, ya duba, ya ce ciwon yana wuri kaza. Carbin nan ne ya sa maƙiya suka ce tsibbu yake yi. Da Hausarsa ta Zongo, wadda mota da gida duk "shi" ne, yakan ce: "Mota bai yin ƙarya. Direba ne ke ƙarya."

Dokokinsa kowa ya haddace su. Ba a tura otomatik don ta tashi. Ba a ɗaure ta da igiya a ja ta tun daga Bafilo. Ba a zuba mata mai sai jan nan nata. Babbar dokar kuwa, wadda yake faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ita ce kada kowa ya cire kan batir kafin ya zo ya tambayi motar. Ya ce abin da ke damunta tana riƙe da shi a ka, da zarar an cire batir ta manta. Mu kuwa direbobin tsofaffin motoci cire kan batir al'adarmu ce. Mota ta yi gardama, ka cire ka mayar, kamar yadda ake yayyafa wa wanda ya suma ruwa.

Ni baƙo ne, daga Nijar na zo da 'yar bashe, wato ƙaramar akori-kura, ina jigilar doya da gawayi. Da na nemi 'yarsa, dangi suka ce ba a san asalina ba. Baba ya shiga motata ya ce in kai shi Langabu in dawo da shi, duk hanya ya karkata kai yana sauraro. Da muka dawo ya gaya wa dangi cewa mutumin da ba ya wulaƙanta giya ba zai wulaƙanta mace ba. Tun daga ranar bai taɓa kiran sunana ba, Direba yake ce mini, ni kuma in durƙusa in ce Baba.

Da ɗansa ne kawai abin ya ƙi. Ya so Mushe ya gaje shi, Mushe ya zaɓi alli da allo. Baba kan kama hannunsa a gaban mutane ya ce ku duba, kamar na amarya. Mushe kuma ya gado taurin kan, ya rantse ba zai sake kwanciya a ƙarƙashin mota ba. Da ƙasa ta rikice kan neman jam'iyyu da yawa, aka shiga yajin aiki, aka fara ƙona tayoyi a kan titi, Mushe ya shiga cikin masu rubuta takardu ana rabawa a kasuwa. Baba ya ce ya bari, ya ƙi. Suka kai inda in ban da gaisuwar safe ba abin da ke haɗa su.

Wata ranar Talata da hantsi wata mata mai sayar da koko ta shigo gidan Baba kamar ta kawo ciniki, ta gaya wa surukata cewa sunan Mushe yana cikin takardar waɗanda za a kama, kuma an riga an ɗauke abokan aikinsa biyu ba a san inda aka kai su ba. Kudu ba ta biyuwa. Abin da ya rage shi ne arewa, a kai shi Dapaong, daga can ya san yadda zai tsallaka iyaka. Bashe ɗina ba ta yi, domin a kowane shinge sai an sauke kowa an duba fuska. Sai aminin Baba, wani babban mahauci, ya ba da motarsa, otomatik baƙa mai sheƙi, irin wadda ake ɗaga wa itacen shinge tun daga nesa. Baba ya sa babbar riga ya zauna a baya kamar mai motar. Mushe ya cire tabarau, ya sa tsohuwar rigar aiki ta gareji, ya zauna kusa da ni. Uban da ɗan ba wanda ya kalli wani.

Mun wuce Bafilo da Kara lafiya. A shinge biyu an leƙa an ga dattijo da carbi an ce mu wuce. A hawan duwatsun da ke gaban Niamtugu ne motar ta yi wata irin zabura, 'yar fitilar nan ta kama ƙiftawa. Na taka mai, inji ya yi ƙara, mota ta ƙi ja, kamar jakin da aka yi wa kaya fiye da ƙima. Da ƙyar muka kai saman tudu. Baba ya ce in lallaɓa mu kai Kante, akwai wani masallaci a bayan gari inda ba idon mutane, can zai tambaye ta.

Mun isa ana kiran azahar. Ya ce a fara ba Allah haƙƙinsa, ya ja ɗansa suka shiga ciki don kada a gan shi a waje, ni na tsaya gadin mota. Ga wasu samari can a gindin mangwaro suna kallona. Na ce a raina kowane minti da muka ɓata a nan wani ne zai gane mu. Wallahi ban ma yi shawara da kaina ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na buɗe gaba, na kwance kan batir, na ƙirga goma, na mayar. Na murɗa makulli, fitila ta mutu, inji ya tashi sumul. Har wani daɗi na ji.

Baba ya fito yana zaro waya daga hula, na tare shi da murna na ce ai ta warke. Ya dube ni, ya dubi batir, ya ga sabon sawun sifana a kan notin. Duk da haka ya sa wayar. Fitila ta yi ta ƙiftawa ɗaya-ɗaya babu hutu, alamar ba ta tuna komai.

"Direba, ka rufe ma shi baki," in ji shi a hankali. "Da yanzu na san ciwon, da na gyara a nan inda ba kowa. Yanzu sai ya sake tashi, kuma ba mu ne za mu zaɓi wurin ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ko za a duba a hakan, ya ce abu goma ne ke iya kawo wannan ciwo, wasu a cikin akwatin giya, wasu a waje, ba zai kwance motar mutane a bakin hanya yana lalube ba. Komawa ba ta yiwuwa, zama ba ya yiwuwa. Muka shiga muka kama hanya, idona ɗaya a titi ɗaya a kan fitilar nan. Na yi ta roƙon Allah ta kama yanzu, a dajin nan da ba kowa. Ta ƙi. Motar ta yi ta gudu lafiya lau kamar tana yi mini dariya.

Kafin gadar Mango muka tarar da shingen da ba a gaya mana da shi ba. Ganguna ne da katako mai ƙusoshi, da mutane kamar goma riƙe da bindigogi, wasu da kaki wasu babu. An sauke fasinjojin wata bas an zaunar da su a rana. Wani dogo mai tabo a goshi, da alama shi ne babbansu, yana riƙe da takardu yana bin su ɗaya-ɗaya. Ya leƙo motarmu, ya ga babbar riga, ya karɓi takardun mota ya juya su, ya yi mana hannu mu wuce. Aka janye katako. Na taka mai. Motar ta zabura, fitila ta kama, muka yi taku uku muka tsaya cik a tsakiyar shingen, inji na kuka.

Dogon ya dawo yana tafiya a hankali. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Alhaji, motan ya mutu? To ku fita duka, mu gani ku."

Ban taɓa ganin mutum ya sauya kamar yadda Baba ya sauya a lokacin ba. Ya fito yana faɗa, ya tuɓe babbar rigar ya jefa a kujera, ya ce shi ba Alhaji ba ne, bakanike ne, motar maigidansa ce zai kai Dapaong, kuma ga ragon yaron aikin da aka haɗa shi da shi ya ɓata masa rana. Ya daka wa Mushe tsawa ya buɗe gaban mota. Ya sa waya, ya zauna a kujerata, ya ciro carbi. Masu bindigogin suka matso suna kallo, har wanda ke tsaron fasinjoji ya juyo. Fitila ta ƙifta shida, ta huta, ta ƙifta biyu. Ya bari ta maimaita sau uku. Ya buɗe littafinsa ya ce wayar da ke shiga akwatin giya ce ta gefen dama, ko ta tsinke ko tana taɓa ƙarfe.

Sai ya tura ɗansa ƙarƙashin mota. Na gane dabarar: muddin yana can, ƙafafunsa kawai ake gani. Baba ya durƙusa yana ba shi umarni cikin zagi, bi bututun hayaƙi, kai hannu sama, wawa, ba nan ba. Mutumin da ya rantse ba zai sake kwanciya a ƙarƙashin mota ba ya lalubo wayar, zafin bututu ya cinye robarta tana taɓa ƙarfe. Ya naɗe ta da tsumman da Baba ya yago daga aljihun rigarsa, ya ɗaure ta nesa da zafi. Ya ƙone a hannu bai yi ko tari ba.

Da ya fito, fuska da hannu duk baƙin mai, na ce mun tsira. Amma dogon nan ba yaro ba ne. Ya tsaya yana kallon Mushe, ya dubi gefen hancinsa inda tabarau ya bar sawu, sai ya jefa masa tambaya da Faransanci, a sauƙaƙe kamar hira, wai aikin ya yi wuya? Mutumin da ya shekara goma a gaban aji, bakinsa ya riga hankalinsa. Na ga ya ɗaga kai, na ji kalmar farko ta fito, tsaf irin ta masu ilimi.

Ta biyu ba ta fito ba. Baba ya ɗauke shi da mari. Hannun da ya shekara arba'in yana murɗa ƙarfe ne ya sauka a kan kunnensa na hagu, ƙarar ta sa har fasinjojin bas suka ɗago. Mushe ya faɗi a kan gwiwa.

"Ɗan banza, ana magana da manya kana sa baki? Kalma biyu ka tsinta a tasha kana so ka yi Faransanci? Uban wa ya kai ka lekol ka yi boko? Tashi ka kwashe sifanu, marar amfani, wanda bai gaji komai ba."

Masu bindigogin suka fashe da dariya. Dogon ma ya yi murmushi, ya ce tsoho ya yi haƙuri kada ya kashe yaron mutane. Ya naɗe takardunsa ya juya ga bas. Na murɗa makulli. Motar ta ɗauki giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, muka hau gada.

Daga Mango har Dapaong, Mushe yana dafe da kunne, wani ɗan jini yana bin wuyansa. Mun shiga gari bayan la'asar, muka sami wani ɗan'uwan mahaucin a bayan kasuwar dabbobi, ya ce akwai babbar motar shanu da ta sauke kaya za ta koma iyaka yanzun nan, in an tsaya sallama za ta tafi. Mushe ya durƙusa a gaban ubansa. Mutane na kallo, ba a san wa ke kai rahoto ba, don haka Baba ya ce masa kawai ya tashi ya tafi, kamar yadda ake sallamar yaron aiki. Mushe ya hau bayan motar, muka tsaya har ta sha kwana.

Washegari a hanyar dawowa, bayan mun wuce Mango, Baba ya ce in tsaya. Na ɗauka zai kama ruwa ne. Ya shiga bayan wata kuka ya daɗe. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, ya zauna a gaba kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ni ko ina ganin yaron ya gane ba da gaske yake ba. Na ce ya gane, Baba. Na ce laifina ne, ni na jawo. Ya ce in tuƙa mota. A gida da aka tambaye shi, cewa ya yi waya ce ta ƙone a hanya. Har ya koma ga Allah bai gaya wa kowa zancen batir ba, ko 'yarsa da nake aure. Wannan rufin asirin ya fi mini nauyi fiye da duk wani faɗa, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Mushe ya tsallaka lafiya. Ya yi shekara biyu a waje, ƙura ta lafa, ya dawo ya koma aji. Amma kunnen hagu bai sake ji ba. Abokan aikinsa biyun nan, ɗaya ne ya dawo. Uban da ɗan ba su taɓa tayar da zancen gada ba, sai dai na lura duk lokacin da Baba zai yi masa magana, ko a tsakiyar taro ne, sai ya tashi da tsufansa ya zagayo ta damansa. Ya daina kama hannunsa yana nuna wa mutane.

A ciwonsa na ƙarshe, kwana biyu kafin ya cika, muna zaune da rana ni da Mushe a ɗakinsa, Baba ya yi masa alama ya matso. Mushe ya kawo kunnen dama kamar kullum. Baba ya girgiza kai, ya sa hannu ya juya fuskarsa, ya jawo na hagun har bakinsa. Ya daɗe yana magana a ciki, ƙasa-ƙasa, tafinsa a kan kuncin. Ni na sunkuyar da kai. Uba irin Baba ba ya iya neman gafarar ɗansa a inda za a ji.

Da muka fito tsakar gida na kasa haƙuri, na tambaye shi me ya ce.

"Ban ji ko kalma ɗaya ba," in ji Mushe. "Na dai ce masa na yafe."

Allah Ya yafe masa kamar yadda aka yafe masa a nan, Ya sanyaya makwancinsa, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa nawa.